Kiɗan da Waya Ba Ta Iya Fitarwa: Amsoshin Wannan Makon

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon caji da tura waƙoƙi a wani ƙauye kusa da Ringim. Yayana da ke karatu a Kano ya zo hutu, ya bar mini wani kundi a memori, kiɗa goma sha huɗu, kowanne da mai shi daban. A jikin hoton an rubuta downtempo da dub da experimental. Na kunna a waya, wallahi ban ji komai ba sai ƙas-ƙas, da wata murya da take leƙowa ta ɓace. Shi kuwa ya ce da shi yake karatu da daddare. Kwafin ne ya lalace? In nemi na asali in saya, ko in goge in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kar ka goge, kar kuma ka saya tukuna. Kwafin lafiyarsa lau, wayarka ce ta gaza. Ari iyafis mai kyau, wanda yake toshe kunne sosai, ka bari sai bayan Isha'i an kashe janareto, ka sake kunnawa. Za ka tarar akwai wani kiɗa a ƙarƙashin wannan ƙas-ƙas ɗin, mai kauri, wanda ƙirji yake ji kafin kunne.

Kunnen ɗan Adam yana kama sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa sau 20,000. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes, wato jita mai fitar da sauti mai kauri, tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa. Ita kuwa sifikar waya, da ba ta kai farcen babban yatsa ba, ba ta da ƙarfin tura iskar da za ta fitar da wannan kauri. Waƙoƙin nanaye da kake turawa kullum ba sa shan wannan wahala, domin murya ce jarinsu, murya kuma waya tana fitar da ita raɗau. Dub kuwa duk dukiyarsa a ƙasa aka binne ta. Jin sa a waya kamar a ce maka ga tambarin sarki, a miƙo maka gwangwanin madara ka buga.

Muryar da ka ce tana leƙowa ta ɓace, da gangan aka yi. Dub ya fito ne daga Jamaika a ƙarshen shekarun 1960, kuma za ka ji daɗin sanin cewa babban malaminsa kusan abokin sana'arka ne. King Tubby mai gyaran rediyo da ambulifaya ne a unguwar Waterhouse ta birnin Kingston. A lokacin ana buga waƙa a fuska ɗaya ta faifai, a bayansa kuma a saka kiɗan zalla, domin mai riƙe da makirfo a wajen rawa ya samu filin surutu a kai, kamar yadda sanƙira yake shiga tsakanin baitoci yana kirari. Tubby sai ya zauna gaban na'urar haɗa sauti ya mayar da ita abin kiɗa: ya janye murya, ya bar ganga da bes, ya sako kalma ɗaya ya bar ta tana amsa-kuwwa har ta nutse, kamar ka yi kira a cikin rijiya. Shi da Lee Perry, wanda ya gina ɗakin ɗaukar sautinsa a bayan gidansa a 1973, su ne suka kafa wannan salo. An kashe Tubby a 1989, Perry ya rasu a 2021, amma dabararsu ta shiga kusan duk kiɗan na'ura na yau.

Downtempo kuma ma'anarsa kiɗa mai tafiya a hankali. Kiɗan rawa na Turai yakan yi bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya, wannan kuwa yawanci wajen 90 yake, wani ma ƙasa da haka. Ya bunƙasa a farkon shekarun 1990, a Bristol ta Ingila da Biyana ta Ostiriya da tsibirin Ibiza na Sifen, a matsayin abin da ake saurare bayan an gaji da rawa. Yayanka bai yi ƙarya ba, yana tafiya da karatu, tunda babu baitin da zai sace maka hankali.

Na ukun shi ne zai fi ba ka haushi. Experimental kiɗan gwaji ne, mai shi yana laluben abin da ba a taɓa ji ba, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya fito da abin da ya yi kama da injin niƙa ya shaƙe. Amma kar ka ɗauka haukan Turawa ne. Cikin waɗanda suka fara shi akwai Halim El-Dabh, ɗalibin aikin gona a Alƙahira, wanda a 1944 ya ari na'urar ɗaukar sauti ya ɗauki waƙar mata a wajen zar, wato ɗan'uwan borinmu, ya sarrafa muryoyin har suka zama wani abu daban. Shekara huɗu kenan kafin Bafaranshen nan mai haɗa kiɗa, Pierre Schaeffer, ya yi irin nasa a Faris a 1948. Nan maƙwabta ma, Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kaset ɗinsa na kiɗan ogan a 1978, rediyo da talabijin na ƙasar suka yi ta sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 aka sake buga kaset ɗin duniya ta ji.

To, batun saye. Kundin haɗaka kamar tiren mai goro ne da ya jera fari da ja da ɗan daushe. Ba a yi shi don ka so duka ba. Ni a nawa lissafin, idan cikin goma sha huɗu uku suka kama ni har na nemi sunan masu su, kundin ya biya. Saurara mako guda da iyafis. In ka sami ukun nan, saya. In ba ka samu ba, mayar wa yayanka abinsa, ba laifi ba ne.

In ka tashi saye, irin wannan kiɗa an fi samunsa a Bandcamp, wani shafin intanet na sayar da kiɗa, inda za ka iya ɗanɗanawa kyauta kafin ka biya, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin yana isa hannun masu kiɗan. Abu biyu za ka kiyaye. Farashin da kuɗin waje yake, kuma ba kowane katin naira ne yake biya a waje ba, don haka tambayi bankinka kafin ka sa rai. Sannan za a tambaye ka nau'in fayil. Kiɗan minti 70 a MP3 mai lamba 320 bai kai megabait 170 ba. A FLAC zai ninka haka sau biyu ko fiye, a WAV kuma ya kai wajen 700. Da irin sabis ɗin ƙauye, wanda sai an hau tudu ake samu, ɗauki MP3 320. Da iyafis ɗin kasuwa ba za ka ji bambanci ba. Abin da za ka guje wa shi ne kwafin da aka ɗauko daga bidiyo, aka matse, aka sake matsewa, ya bi ta waya biyar kafin ya iso ka. Irin wannan amsa-kuwwar tasa takan koma kamar ana murza leda.

Tambaya: Malam, ni mai shayi ne a bakin titi a wani gari kan hanyar Wudil. Wani direba ya kunna irin wannan kiɗa mai sanyi a motarsa, na ji ya dace da teburina da dare. Na je kasuwa ranar Juma'a na ga MP iri-iri, wata an rubuta 5000W a kwalinta kuma ta fi araha. Ita zan ɗauka?

Amsa: Maigida, bar wannan lamba inda ka gan ta. Sifikar da take ba da wat 5000 na gaske, batirin da ke cikin wannan 'yar akwati ba zai riƙe ta ko na tsawon dahuwar indomi ba. Idan ka duba da kyau za ka ga an rubuta PMPO kusa da lambar, wato ƙarfin da take iya yi na ƙiftawar ido, shi ma a bakin mai talla. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai RMS, wato ƙarfin da take iya riƙewa a ɗore, kuma wat 20 zuwa 40 na gaske ya ishi teburin shayi har ya yi yawa.

Hannu da kunne za su fi kwali gaya maka gaskiya. Ɗaga ta. Mai nauyi, mai akwatin katako, mai babban baki na inci shida ko takwas, ita ce take fitar da kauri. Mai jikin roba shafal, mai fitilu ja da kore suna wasa, kuɗinka a fitilun ya tafi. Kuma kar ka yarda mai shago ya gwada maka da waƙarsa, domin ya san wadda take rufa wa kayansa asiri. Je da memorinka, sa kiɗan da ya fi kauri, ƙara sauti zuwa kashi biyu cikin uku. In ta fara ɓarɓar kamar kwano a iska, ajiye ta. Gwada kuma a ƙasa-ƙasa, domin a nan za ka fi amfani da ita, kuma sifika da yawa in an rage su bes ɗin ne yake fara guduwa.

Wani abu da ba a saye da kuɗi: wurin ajiyewa. A fili kaurin sauti watsewa yake. Jingina ta kusa da bango, ko a kusurwa, za ka ji ta cika kamar an canza ta. Katangar ƙasa ta fi langa-langa, wadda za ta riƙa amsawa da ƙara. Kar ka ɗora ta kan tebur ɗaya da kofuna da gwangwanaye, sai ka ji sun zama 'yan amshi. Ka nesanta ta da murhu, domin zafi ne ajalin batir, kuma lokacin hunturu ka rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Bes shi ne ya fi cin caji, don haka awannin da aka rubuta a kwali raba su biyu, ka nemi wadda ake iya haɗawa da batirin sola.

Sai wata magana da ba ka tambaya ba. Kaurin sauti yana ratsa bango fiye da murya. Kai a teburinka za ka ji kiɗan a hankali, dattijon da ke kwance a soro na uku kuwa dum-dum kawai yake isa gare shi. Rage da dare, kashe in an kira salla. Kuma a cikin kundin haɗaka ka zaɓi na sanyin ka ware na gwajin, don wani in ya shigo masu shan shayi za su ɗauka MP ɗin ce ta ƙone. Ban kuma ce ka kori labaran rediyo na yamma ba. Wanda ya zo jin duniya ba zai yafe maka ba.

Tambaya: Malam, ɗana ne ya dame ni in saya masa irin wannan kundi a faifan CD, wai na tarihi ne. Muna wajen Gumel. Ya dace?

Amsa: Hajiya, fara tambayarsa da me zai kunna shi. Wayoyi ba su da wurin faifai, yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ma an cire musu. Kuɗin kawo shi daga waje sau da yawa ya fi kuɗin faifan, ga ƙura da zafi da karcewa. Abin da ke cikinsa shi ne dai abin da ke cikin fayil ɗin FLAC, ba ƙari. Abu ɗaya ne faifai ya fi: 'yar takardar da ke ciki mai bayanin waye ya yi me, a ina, yaushe. A kundin haɗaka wannan takarda rabin darajarsa ce, amma masu sayarwa da yawa suna saka bayanin a shafinsu kyauta. Da kuɗin faifai ɗaya, saya masa iyafis na kirki da memori. Memorin ma a kula, akwai na jabu da yake nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai ba. A cika shi a gaban mai shago, a buɗe fayilolin farko da na ƙarshe a ga ko suna nan.

In tarihi yake so, ki gaya masa mu ma an yi mana irin wannan kundi. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka, wanda ya sake buga Mamman Sani, ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa a kundi guda a 2013, Turawa suka saya suna mamakin muryoyinmu kamar yadda yake mamakin kiɗansu.

Tambaya: Idan na sayi irin wannan kiɗa, zan iya sa shi a bayan bidiyon gonata da nake ɗorawa a TikTok da YouTube?

Amsa: Sayen da ka yi na saurare ne, bai ba ka izinin haɗawa da bidiyo ba. A kundin haɗaka ma abin ya fi sarƙaƙiya, tunda kowane kiɗa da mai haƙƙinsa. YouTube na da na'urar da take gane kiɗa, sai ta toshe sautin ko ta karkatar da kuɗin talla ga mai shi. Nemi adireshin mai kiɗan a shafin da ka saya, rubuta masa layi biyu ka gaya masa bidiyon noman riɗi ne a Jigawa, ka ajiye amsarsa. Ko kuma ka bi sawun El-Dabh: ɗauki ƙarar injin ban-ruwa da luguden mata da kukan tantabaru a wayarka, ka sa musu amsa-kuwwa da ɗaya daga manhajojin kyauta. Wannan babu mai zuwa ya ce nasa ne.