Filin Tambaya da Amsa: Ƙuma a Kejin Tsuntsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kanari biyu a kejin tukurwa. Kwana biyun nan sun daina kuka, da dare ba sa barci sai susa da kaɗa fuka-fuki, da rana kuma sai gyangyaɗi. Na duba jikinsu ban ga komai ba. Wani ya ce in fesa musu Sniper kaɗan. Me za ku ce? (Daga mai karatu a Agege)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka kusanci tsuntsayen nan da Sniper ko ota-piyapiya. Sinadarin da ke cikinsu guba ne mai ƙarfi, kuma numfashin tsuntsu ba ya jure abin da na mutum ke jurewa. Warin kaɗai na iya kashe kanari a ɗaki rufe. Haka ma kananzir da baƙin mai, da maganin sauro na hayaƙi.

Alamomin da ka zayyana na jar ƙuma ne, irin ta kaji. Abin da ya sa ba ka gan ta ba shi ne, ba a jikin tsuntsu take zaune ba. Da rana tana ɓuya a tsagar itace, da ramin da sandar zama ta shiga jikin keji, da ƙarƙashin faranti, da cikin sheƙa. Sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Ka gwada: lulluɓe kejin da farin ƙyalle da daddare, da asuba ka ɗaga ka haska da tocila. Za ka ga ɗigo-ɗigo ja ko ruwan toka suna motsi, in ka murje ɗaya da yatsa ya bar jan jini. Tsuntsun da ake sha wa jini kullum yakan rame, ƙafafunsa su yi fari, 'yan tsaki kuwa a sheƙa suke mutuwa.

Saboda haka aikin na keji ne. Mayar da kanarin wani keji mai tsabta, a wani ɗaki daban. Zubar da sheƙa da shimfiɗa da ragowar abinci, ka ƙone su. Wanke kejin da sabulu da buroshi, sannan ka kwarara tafasasshen ruwa a kowace tsaga, domin zafi ne ke kashe ƙumar da ƙwanta. Bilic, irin su Hypo ko Jik, ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba a dogara da shi wajen ƙuma. Amma yana da amfani bayan wankin: babban cokali 2 a lita 1 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har warin ya tafi gaba ɗaya. Kada a gauraya shi da wani abin wanki.

Ga inda yawancin mutane ke faɗuwa: su yi wanki sau ɗaya, su ga sauƙi, su saki jiki. A zafi da danshin Legas ƙwan ƙuma kan zama babba mai yin ƙwai cikin kusan kwana 7, don haka a maimaita wankin kowane kwana 5 zuwa 7, aƙalla sau 3. Ajiye kejin babu tsuntsu ma ba ya maganinta, tana iya yin watanni ba ta ci ba. A duba ƙusar da ake rataye kejin da tsagar bangon wajen. Gaskiya kuma, kejin tukurwa da ƙuma ta riga ta cika shi, ƙone shi ya fi. Na waya mai farantin roba ya fi sauƙin wanki nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ƙaramin akuna, irin koren nan ɗan asalin Ostireliya, wani farin ɓawo ya fito masa a saman baki da ƙafafu kamar busasshen siminti. Ƙuma ce ita ma? (Daga wata mai karatu a Idi-Araba)

Amsa: Hajiya, wannan wata ce daban, mai haƙa rami a cikin fata kamar ƙazuwa. In kin duba da kyau za ki ga ƙananan huji a ɓawon kamar saƙar zuma. In aka bar ta, baki kan karkace har cin abinci ya gagara. Maganinta ivermectin na tsuntsaye mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100: a buɗe gashin ƙeya, a ɗiga ɗigo 1 a kan fata, sau ɗaya a mako har mako 3, kuma a yi wa duk tsuntsayen da ke kejin. A kula: na shanu da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi kashi 1 cikin 100 ne, wato ninki 10, tsuntsun nan kuwa bai wuce giram 30 zuwa 40 ba. Likitan dabbobi ne zai auna ya tsarma. A ƙafafu za ki iya shafa basilin kaɗan da auduga don ɓawon ya yi laushi, amma kada ya taɓa hanci ko ido, kuma kada ki ɓamɓare, zai yi jini.

Tambaya: Sau nawa ya kamata a riƙa wanke keji in lafiya lau? (Daga Mile 12)

Amsa: Kullum a canja takardar ƙasa, a wanke kofin ruwa da na abinci, a hure ɓawon gero. Mako-mako a kankare kashi daga sanduna a wanke faranti. Wata-wata a yi babban wanki. Da damina kada a mayar da tsuntsu kan jiƙaƙƙen itace, kuma gero in ya yi fumfuna a zubar. Sabon tsuntsu daga kasuwa a ware shi kwana 30 a kejinsa daban, a yi masa gwajin farin ƙyalle tun daren farko.