PHP bai san CURLOPT_CAINFO_BLOB ba: in ƙara shi da kaina, ko in kashe binciken takardar shaida?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Ali Dan Sofo a nan Maradi, kuma ni na rubuta manhajar da wani Alhaji mai sarin shinkafa da man girki yake karɓar kuɗin abokan cinikinsa da ita. Manhajar tana aiki da PHP 8.1 a kan Ubuntu 22.04, tana kuma magana da sabar wani kamfanin tura kuɗi. Kamfanin ya ba mu takardar shaidarsa, misalin da ya aiko kuma yana amfani da CURLOPT_CAINFO_BLOB, amma PHP ya ce bai san wannan suna ba, alhali curl_version ya nuna mini cewa libcurl, wato manhajar da PHP ke magana da sabar ta hanyarta, siga ta 7.81 ce. Idan na cire layin, sai kuskure mai lamba 60 ya fito. Shin zan iya ƙara zaɓin a cikin ƙarin curl, wato ɓangaren PHP da ke haɗa shi da libcurl, da kaina? Wani da ya riga ni a sana'ar ya ce in daina wahalar da kaina, in mayar da CURLOPT_SSL_VERIFYPEER zuwa false, tunda dai adireshin na https ne. Na gwada, ya yi aiki, amma hankalina bai kwanta ba, domin kuɗin mutane ne, kuma Alhaji yana jiran aikin kafin ƙarshen mako.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ci gaba da karatu, je ka mayar da layin CURLOPT_SSL_VERIFYPEER zuwa true, ko ka goge shi baki ɗaya, sannan ka dawo.

Sunan zaɓi ba ya bayyana a cikin PHP sai abubuwa biyu sun haɗu: sigar PHP ɗin ta san shi, kuma libcurl ɗin da aka harhaɗa ta da shi ya kai sigar da zaɓin ya fara fitowa. CURLOPT_CAINFO_BLOB ya shigo libcurl a siga ta 7.77.0 a 2021, amma bai shiga PHP ba sai a 8.2, wadda ta fito a Disambar 2022. Naka libcurl ɗin ya san zaɓin, PHP 8.1 ne bai san shi ba. Wanda ke kan Ubuntu 24.04, mai zuwa da PHP 8.3 da curl 8.5.0, ba zai taɓa ganin wannan matsala ba. Ka kuma lura cewa curl_version yana faɗin libcurl ɗin da ake aiki da shi yanzu ne, ba wanda aka yi harhaɗawa da shi ba, shi ya sa wasu ke sabunta libcurl kaɗai su yi ta jiran sunan da ba zai zo ba.

Ƙara zaɓin abu ne mai yiwuwa, kuma ba babban aiki ba ne ga wanda ya iya C, harshen da aka rubuta PHP da shi. Kowane zaɓi lamba ce a wurin libcurl, kuma lambar tana ɗauke da irin abin da yake karɓa: waɗanda ke ƙasa da 10000 adadi suke karɓa, na gidan 10000 rubutu ko manuni, na 20000 aikin da libcurl zai kira, na 30000 manyan adadi, na 40000 kuma dunƙulen bayanai irin wanda kake nema. Kada ka ce za ka ba curl_setopt lambar kai tsaye don ka tsallake sunan, domin a cikin fayil ɗin ext/curl/interface.c akwai jerin zaɓin da PHP ya yarda da su, kuma tun daga PHP 8 duk lambar da ba ta cikin jerin ValueError take jawowa. Da dalili aka yi haka: curl_easy_setopt ba ya bincika irin abin da aka miƙa masa, idan aka ba shi adadi inda yake jiran manuni, manhajar gaba ɗaya za ta faɗi. Aikin mai ƙarawa shi ne ya yi rajistar sunan, ya sa shi a rukunin da ya dace a cikin jerin, ya kewaye duka biyun da sharaɗin LIBCURL_VERSION_NUM, wanda ga 7.77.0 ake rubutawa 0x074d00, ya cika curl_blob da alamar CURL_BLOB_COPY don libcurl ya ajiye nasa kwafin, sannan ya rubuta gwajin phpt. Zaɓin adadi da na rubutu layuka kaɗan ne. Inda gumi yake shi ne zaɓin da ke karɓar aikin PHP, kamar CURLOPT_PREREQFUNCTION da ya shigo a 8.4, domin dole a kula da abin da zai same shi idan an kira curl_copy_handle ko curl_reset.

Duk da haka ban ba ka shawarar yi ba. Ranar da ka ɗora PHP ɗin da ka yi wa faci da hannunka, gyaran tsaro da Ubuntu ke turowa ya daina isowa gare shi, kai ne za ka riƙa sake harhaɗawa duk lokacin da aka gano wata ɓaraka, kuma ban ga mai shago ɗaya da zai biya ka wannan ɗawainiya ba. Idan wata rana ka ga zaɓin da sabuwar sigar PHP ma ba ta da shi, ka kai gyaranka ga ma'ajiyar php-src a GitHub don kowa ya amfana. Wannan kuwa an riga an yi shi. Ko dai ka koma sigar PHP mafi sabunta, ko kuma, mafi sauƙi a wannan makon, ka ajiye takardar kamfanin a fayil na PEM a wurin da ba ya cikin babban fayil ɗin da sabar ke nuna wa jama'a, ka ba CURLOPT_CAINFO cikakkiyar hanyar zuwa gare shi. Bambancin zaɓin biyu shi ne ɗaya daga fayil yake karantawa, ɗayan daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, binciken da suke yi iri ɗaya ne.

Yanzu ga shawarar gwanin naka, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ba na buɗe manhajar da aka kawo mini gyara ba tare da fargabar cin karo da wannan layi ba, a aikin ɗalibai da na waɗanda suka karɓi kuɗi mai kauri a hannun ƴan kasuwa. Hujjarsu kullum guda ce: ai https ne, saƙon a rufe yake tafiya. Gaskiya ne a rufe yake tafiya, amma wa aka rufe wa? TLS, tsarin tsaron da https ke aiki da shi, ayyuka biyu yake yi, yana ɓoye saƙo daga masu leƙe a hanya, yana kuma tabbatar maka cewa wanda ke ɗaya gefen shi ne wanda ka nufa. Idan ka kashe na biyun, na farkon ya zama aikin banza, domin da wanda ya amsa maka kake ƙulla makullin ɓoyewar. Kamar Alhajinka ne ya ƙulle kuɗi a jaka ya aika Kano, ya ce wa direba ya miƙa jakar da makullinta ga duk wanda ya fara tarar sa a tasha ya ce shi ne yaron mai kaya.

Ga yadda abin ke faruwa a zahiri. Manhajarka ta tambayi adireshin sabar kamfanin, sai wani da ya samu iko da na'urar wifi ta shago, ko da wata na'ura a kan hanya, ko ya gurɓata amsar DNS, tsarin da ke mayar da sunan saba zuwa adireshinta, ya nuna mata tasa kwamfutar. Ya ƙirƙiri takardar shaida da kansa, aikin da bai kai minti ɗaya ba da OpenSSL, ya rubuta sunan kamfanin a kanta. Da binciken yana kunne, libcurl zai duba ya ga babu wata hukumar da ya amince da ita da ta sa hannu, ya yanke hulɗa, ya ba ka lamba 60. Da yake ka kashe, sai ya karɓa, ya miƙa makullin sirrin da kamfanin ya ba ku, da lambar wayar mai biya, da adadin kuɗin. Shi kuma ɗan tsakiyar ya wuce da saƙon ga kamfanin na gaskiya, ya dawo maka da amsa, komai yana tafiya lami lafiya a idonka. Yana iya canza lambar mai karɓa, yana iya gaya wa manhajarka cewa an biya jika ɗari biyar alhali ko dala ba ta shigo ba, yaran shago su loda buhuna a mota. Babu kuskuren da zai fito, babu abin da za ka gani a rajistar sabar. Wannan ne ya sa "na gwada, ya yi aiki" ba hujja ba ce ko kaɗan, domin manhajar da ake yi wa sata ma haka take aiki.

Akwai masu cewa wa zai damu da wani shago a Maradi. Su je su ƙidaya abin da ke ratsa hannun ɗan sari guda a ranar kasuwa, tsakanin nan da Dan Issa da Jibiya, sannan su maimaita maganar. Akwai kuma masu cewa na ɗan lokaci ne, za a gyara idan an gama gwaji. Aikin da ya riga ya tashi, Alhaji ya biya, mai rubutawa ya kama wani, wa zai koma ya taɓa shi?

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne CURLOPT_SSL_VERIFYHOST, mai duba ko sunan da ke kan takardar ya dace da sabar da ka kira. Ƙimarsa ta daidai 2 ce. A 2012 masu bincike daga jami'ar Texas da ke Austin da jami'ar Stanford a Amurka sun nuna cewa manhajojin biyan kuɗi da dama suna sa masa true, wanda ke zama 1, kuma a libcurl na wancan zamani 1 ba ya tilasta dacewar suna. An toshe wannan rami, tun daga 7.66.0 ana ɗaukar 1 a matsayin 2, amma 0 har gobe yana kashe binciken, kuma da shi duk wanda ya mallaki ingantacciyar takarda ta kowane shafi a duniya zai iya shigar burtu ya amsa da sunan kamfaninku. Tun siga ta 7.10 libcurl ke zuwa da binciken a kunne, don haka wanda bai rubuta komai ba ya fi wanda ya bi shawarar gwaninka tsaro.

Lamba 60 labari take ba ka, kuma curl_error zai faɗa maka wane iri ne. A naka sha'anin ga alama kamfanin da kansa ya sa hannu a takardarsa, shi ya sa ba ta cikin jerin da Ubuntu ya amince da shi, kuma CURLOPT_CAINFO ne maganinta. A wasu lokuta jerin ne ya tsufa, kamar yadda aka gani ranar 30 ga Satumbar 2021 da tushen DST Root CA X3 ya ƙare, tsofaffin na'urori suka fara ƙin shafukan da ke amfani da takardun hukumar Let's Encrypt. Sabunta kunshin ca-certificates ke gyara wannan, a kan Windows kuma a sauko da cacert.pem daga shafin curl a nuna wa curl.cainfo inda yake a cikin php.ini. Wani lokacin sabar can ce ba ta aiko da takardar tsakiya ba, wadda ke haɗa tata da ta hukumar da aka amince da ita, sai a kira masu ita su gyara. Akwai kuma wanda na fi gani a kwamfutocin shaguna a garin nan: ƙaramin batirin agogo ya mutu, an ɗauke wuta an dawo da ita, kwamfutar ta farka tana zaton shekaru ne da suka wuce, sai ta ga kowace takarda lokacinta bai yi ba. Batiri da daidaita agogo ta NTP, wato ta intanet, sun wadatar.

Abu ɗaya ya rage a kanka. Ka ce ka gwada da binciken a kashe, kuma idan da makullin sirri na gaskiya ka yi gwajin, ka ɗauka ya riga ya fita daga hannunka: ka nemi kamfanin ya soke shi ya ba ku sabo, ka kuma tabbatar da zanen yatsan SHA-256 na takardar tasu ta wata hanya dabam da wadda aka aiko maka da ita, ko da ta waya ce, kafin ka ajiye ta a sabar. Sannan ka bi duk ayyukan da ka taɓa miƙa wa mutane da grep kana neman VERIFYPEER da VERIFYHOST, har da kunshin da ka kwaso daga wurin wasu, inda a Guzzle, wani kunshin PHP na magana da saba, abin ke ɓuya da sunan verify. Idan Alhaji ya tambayi dalilin jinkiri, ka gaya masa kwana ɗaya kake buƙata don sauya makulli.