Yaro mai galahanga a cikin aji

Malama kin ce yaron ba ya zama wuri ɗaya, sai ihu da toshe kunne, ya hana sauran yara karatu. Gaskiya bulala ƙara birkita shi za ta yi. Yawanci hayaniya da canjin bazata ne ke damun yara masu galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane), to ki zaunar da shi kusa da ke, ki zana masa jadawalin darussa da hotuna, kafin a canza darasi ki sanar da shi tukuna, magana kuma gajeriya ɗaya bayan ɗaya. In ya rikice a bar shi ya huce a gefe. Don Allah ki tuntuɓi iyayensa su kai shi likita ya duba, ba kowane mai ƙiriniya ne ke da galahanga ba fa.