An rubuta wa yayata "contracted pelvis", mijinta ya ce naƙuda ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗalibar ungozoma ce, ina shekarar farko. An rubuta wa yayata "contracted pelvis" a katin awo, cikinta wata 8. Mijinta ya duba a waya ya ce ai "contraction" naƙuda ce, saboda haka lafiya lau, a gida za ta haihu. Hankalina ya ƙi kwanciya. Kuma su contract, constrict, tighten da narrow duk sun cakuɗe mini.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Gara da hankalinki ya tashi.

Mu fara sallamar masu sauƙin. Tighten shi ne ƙara ɗaure abin da ya yi sako-sako, narrow kuwa faɗi ne ya ragu. Constrict matsewa ce ta kewaye, ga abin da ke da rami a ciki, irin jijiyar jini ko hanyar numfashin mai asma. Idan matsewar ta zauna daram, sai ki ji stricture, wadda aka fi faɗa wa hanyar fitsari da maƙoshi, ko stenosis, wadda aka fi faɗa wa ƙofofin zuciya da jijiyoyi.

Matsalar tana ga contract. Contraction aikin tsoka ne: mahaifa ta tsuke, cikin ya yi tauri a ƙarƙashin tafin hannunki, can ya saki. Yana zuwa yana tafiya. Amma contracted pelvis maganar ƙashi ce. Ƙugun mace ya yi ƙanƙanta, ko an haife ta da shi haka, ko rashin abinci mai gina jiki da ciwon laushin ƙashi a yarinta, ko karaya, ko ciki ya shiga tun ba ta gama girma ba. Ƙashi ba ya saki don an matsa masa.

Wannan ruɗanin ba ya barin mu mu huta a ɗakin haihuwa. A kawo mace ta kwana biyu a durƙushe, an ɗura mata jiƙe-jiƙe, wani mai kemis da bai taɓa auna ƙugu ba ya tsira mata allurar naƙuda wai don "ta buɗe". Allurar nan mahaifa take ƙara wa ƙarfi, ba hanya take faɗaɗawa ba. Kan jariri ya yi ta dukan ƙashi, mafitsara ta matse a tsakani har naman ya mutu. Daga nan yoyon fitsari yake fitowa, shi ya sa cibiyar kula da masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina ba ta rabuwa da mata. Wata ma mahaifar ce take fashewa, a rasa uwa da ɗa. Sannan a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya karanta rabin kalma a waya ya yanke hukunci a kan ran matarsa, Allah zai tambaye shi.

Ba kowace mai irin wannan rubutu ake yi wa tiyata ba. Wata macen, likita zai bari ta gwada naƙuda a gabansa, ɗakin tiyata na kusa. Shi zai yanke, ba miji ba, ba uwar miji ba. Ki ja mijin ku je awo na gaba tare, likita ya faɗa masa da Hausa, a tanadi wanda zai ba da jini tun yanzu.