Tambaya da Amsa: Keken dokina yana tafiya a karkace, in sa a ɗaure shi da walda?

Tambaya: Malam, ina da keken doki mai ƙafa huɗu, dawaki biyu ke ja, kaya nake ɗauka da shi. Wata uku ke nan in na waiwaya sai in ga sawun ƙafafun baya ba ya bin na gaba, ya zame dama. Dawakin ma sun fara gajiya da wuri. Mai walda ya ce zai gitta mini ƙarafa biyu a ƙasa, daga katakon da ke kan gatarin gaba zuwa gatarin baya (gatari a nan shi ne sandar da ƙafafu biyu ke juyawa a bakunanta, ba na sara ba), ya kama su da walda yadda ko motsi ba za su yi ba. In yarda?

Amsa: Malam, kada ka yarda. Mai waldar ya gane ciwon, maganin ne ya yi yawa.

Ka shiga ƙarƙashin keken ka kwanta rigingine, ka dubi abin da ke samanka. Gatari biyu ne, na gaba da na baya, sai doguwar sanda da ta haɗa su ta tsakiya, wadda mu a wurin aiki muke ce wa ƙashin baya. A gaba, ƙashin bayan ya rataya a jikin uwar ƙusa, wato ƙatuwar ƙusar da gatarin gaba ke juyawa a kanta. A baya kuwa za ka ga katakai biyu sun taso daga kusa da bakunan gatari, ɗaya hagu ɗaya dama, sun zo a jirkice sun rungumi ƙashin bayan. Waɗannan biyun su ne tokarai, kuma su ne suka gaza a kekenka. Aikinsu guda ne: su hana gatarin baya karkacewa idan ƙafa ɗaya ta daki dutse ko ta faɗa rami ɗayar kuma ta ci gaba. Kowane tokari da gatari da ƙashin baya sun yi kusurwa uku, ita kuwa kusurwa uku ba ta sauya siffa sai an karya ɗaya daga cikin sassanta ko mahaɗa ta saki. Abu mai kusurwa huɗu ka tura shi ta gefe sai ya kwanta, ko da kowane katako a jikinsa lafiyarsa lau.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka auna. Ajiye keken a wuri shimfiɗaɗɗe, wanda ba tudu ba gangare, ka sauke kaya. Ɗaura zaren da ba ya miƙewa a uwar ƙusa, ka ja shi zuwa bakin gatarin baya na dama, ka yi alama. Maida shi bakin hagu daidai irin wurin da ka taɓa a dama. Tilas awon biyu su zo ɗaya. Idan bambancin ya kai kaurin yatsa, gatarin ya juya, shi ya sa bayan keken ke neman tasa hanyar, dawakin kuma suna jan ƙafafun da ke goga ƙasa ta gefe maimakon su gangara. Gajiyar da ka gani ke nan. Ka duba kafaɗunsu ma, sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya cin wuya.

Daga nan ka nemo mahaɗar da ta saki. Ba ta ɓuya. A gindin notin da ke motsi za ka ga wani jan gari mai laushi kamar an barbaɗa jar ƙasa, tsatsa ce da gogayya ta niƙe. Inda katako ke goga katako kuma, wurin ya yi santsi yana sheƙi alhali kewayensa duk ƙura ne. Sa mutum ya kama ƙafar baya ya riƙa tura ta gaba yana jawo ta baya, kai kuma ka ɗora tafin hannunka a inda tokari ya haɗu da gatari. Hannu yana jin motsin da ido bai gani ba. Ka kuma soka tsinin wuƙa a bakin tokarin, inda ruwa ke kwanciya. Idan ta shige kamar a cikin ɓargo, katakon ya ruɓe, ɗaure noti ba zai yi komai ba, sai sabo.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana ka walda. Teburi mai ƙafa huɗu in ka ajiye shi a ƙasa mara daidai, ƙafa ɗaya ke lilo a sama. Keken doki kullum a irin wannan ƙasar yake. Abin da ke sa ƙafafunsa huɗu su zauna a ƙasa shi ne ƙasan keken yana murɗawa: gatarin gaba ya ɗaga dama, na baya ya ɗaga hagu, ƙashin bayan ya ɗan murɗe, akwai kuma ɗan sararin da aka bari da gangan a wajen uwar ƙusa. Karkacewa ta gefe ita ake hanawa, murɗawa kuwa barin ta ake yi. Gicciyen ƙarfe daga gaba har baya zai hana duka biyun.

Na taɓa yin wannan aikin da hannuna, shekarun da nake ƙarƙashin maigidana a sana'a, ran da ba ya nan. Mai keken ya tafi yana murna, keke ya miƙe sambal, ƙara ta ɗauke. Bai cika wata biyu ba aka jawo mana shi. Ya tsallaka wani kwari a jirkice da cikakken kaya, ƙafar baya ta hagu ta tashi sama, nauyin duka ya koma kan sauran, ƙashin bayan ya tsage daga ramin ƙusa ya bi tsawon katakon kamar an tsaga rake. Waldata ba ta ko girgiza ba. Maigidan ya tsuguna ya daɗe yana shafa tsagar da babban yatsa, sannan ya miƙo mini zarto na yanke ƙarafan da kaina. Murɗawar da na hana ba ɓacewa ta yi ba, wuri mafi rauni ta nema ta fita.

Manyan maƙeran karusa sun san wannan tun tuni. Karusar fasinja da Lewis Downing da Stephen Abbot suka fara ƙerawa a garin Konkod na jihar Niyu Hamsha a Amurka a 1827, wadda ta yi suna a munanan hanyoyin yammacin ƙasar, ƙashin baya uku gare ta a jere saboda ƙarfi, amma ɗakin fasinjan a kan kauraran maɗauran fata aka rataye shi yana lilo gaba da baya. Sun ƙarfafa inda ke son ƙarfi, sun saki inda ke son sakewa, kuma lilon nan yana rage wa dawaki fizga idan ƙafa ta daki wani abu.

To abin da za ka yi: kwance tokaran biyu, ka maida gatarin daidai da zarenka, ka sauya wanda ya ruɓe da busasshen katako mai dogon zare wanda ba ƙulli a jikinsa. Idan kana son ƙarin ƙarfe, maƙeri ya buga maka gajerun sanduna biyu, kowace daga kusa da bakin gatarin baya zuwa ƙashin baya, su bi layin tokaran katakon, su tsaya inda suka tsaya. Kada su wuce zuwa gaba. Da noti za a ɗaure su, ba da walda ba, don ka iya matsewa gobe. Ka gaya masa ya lanƙwasa bakunan da laushi, domin lanƙwasa mai kaifi nan ƙarfe ke fara tsagewa in ya sha girgiza. Tunda kana ƙasan, zare uwar ƙusar ka duba. In ta ci har ta yi wuya kamar ƙugun zanzaro, sauya ta, ka shafe farantin da gatarin gaba ke juyawa a jikinsa da giris. Ran da ta karye, dawaki da ƙafafun gaba ne za su tafi su bar ka.

Tambaya: Gatarin kekena na katako ne. Ina so in huda shi in zura ƙusa mai noti in kama tokari. Kuma me ya sa notunan da na ɗaure tamau suke saki bayan 'yan watanni?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye mahudin nan. Gatari yana ɗauke da kaya ne ta hanyar lanƙwasa, kuma zaren katakon da ke can sama da wanda ke can ƙasa su ke shan mafi yawan wahalar, na tsakiya kusan hutawa yake. Rami daga sama zuwa ƙasa yana yanke daidai waɗannan zaruruwan, ya kuma buɗe wa ruwa ƙofa zuwa cikin katakon. Shi ya sa za ka ga tsofaffin kekuna cike da maɗauran ƙarfe masu siffar takalmin doki, waɗanda ke rungumar gatari da tokari tare, bakunansu biyu su ratsa wani ɗan faranti a ƙasa a ɗaure da noti. Suna kamawa ba tare da sun ci katako ba. Inda huda ta zama dole, a yi ramin daidai kaurin ƙusar, a sa faffaɗan washa ko faranti sama da ƙasa, don ƙaramin washa nutsewa yake yi cikin katako.

Sakin notin kuwa yawanci ba notin ne ya juya ba, katakon ne ya rame a ƙarƙashinsa. Ɗanyen katako idan ya bushe ƙarau, a tsawonsa abin da yake raguwa bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100 ba, amma a faɗinsa itatuwa da yawa suna raguwa kashi 6 zuwa 10 cikin 100. Gatari mai kaurin inci 4 da aka sassaƙa ɗanye zai iya rasa kusan kwatan inci, kuma wannan sararin ya ishi kowace mahaɗa ta fara rawa. Tsohuwar ƙa'idar masu aikin katako ita ce shekara guda ta shanya a inuwa ga kowane inci na kauri. Ko busasshen ma yana kumbura lokacin danshi ya motse lokacin rani, saboda haka ka zaga keken da sifana duk sanda yanayi ya juya zuwa bushewa. Ka matse har washa ya zauna daram, ka tsaya. Idan ka ji katako na ƙara, ka murƙushe zarensa ke nan, kuma wanda aka murƙushe ba ya dawowa.

Tambaya: Na gaji wata 'yar karusa mai ƙafa huɗu. Na duba ƙasanta ban ga sandar da ke haɗa gatarin gaba da na baya ba. Cire ta aka yi?

Amsa: 'Yar'uwa, mai yiwuwa haka aka ƙera ta. A 1804 wani maƙerin karusa a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar sifirin mai siffar ido, ganyen ƙarfe a sama da ƙasa sun haɗu a bakuna. Da shi aka samu damar ɗora jikin karusa kai tsaye a kan gatari biyu a yar da ƙashin baya, karusa ta yi sauƙi ta kuma yi ƙasa-ƙasa. A irin wannan ƙirar, jikin karusar shi ne ƙashin bayan, kuma galibi akwai faranti na ƙarfe da aka bi gefen katakan ƙasa da shi ta ciki. Ki duba tsakiyar gatarin baya da wajen uwar ƙusa. Idan babu tsofaffin ramuka, babu tabon wani abu da ya taɓa zama a wurin, to ba a cire komai ba, kada ki ƙara mata. Abin da za ki sa ido a kai shi ne katakan ƙasan nan biyu, musamman daidai ƙofa inda aka rage tsayinsu don a samu wurin shiga. Ki sa mutum biyu su zauna ciki, ki buɗe ƙofar ki rufe. Idan tana rufuwa sumul ba kowa a ciki amma tana cijewa da mutane, jikin ya fara lotsawa, a kira kafinta ya buɗe wurin kafin a ɗaura mata doki.