Amsa: Godot, Unity ko Unreal don wasan karon motoci?

Malam, ka tambayi dandalin ƙirƙirar wasanni da ya dace da wasan da motoci ke karo da juna nan take. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ka ajiye Unreal tukuna: injinsa na lissafin motsi da karo, Chaos, yana da kyau, amma nauyinsa sai ya gajiyar da kai. Unity na amfani da injin PhysX a 3D, injin Box2D a 2D. Godot kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma tun sigar 4.4 ta 2025 aka saka masa injin Jolt. A ganina da Godot ya kamata ka fara.

Inda ake yawan tuntuɓe kuwa shi ne lokacin lissafi. Misali, a tsarinsa na asali Unity na lissafa motsi duk bayan daƙiƙa 0.02, wato sau 50 a daƙiƙa, don haka ka sa umarnin tura mota cikin FixedUpdate (sashen da ke bin wannan ƙayyadadden lokaci), ba Update (mai bin saurin nuna hoto) ba, in ba haka ba gudunta zai bambanta daga waya zuwa waya. Sannan abin da ke gudun mita 100 a daƙiƙa yana tsallake mita 2 a kowane taku, sai ya ratsa siririn bango ba tare da karo ba. Ka kunna masa CCD (tsarin da ke bin diddigin karo a tsakanin taku da taku) shi kaɗai, domin yana cin ƙarfin na'ura.