Tambayoyin Masu Karatu: Tsorona Yana Nufin Ba Ni da Bangaskiya?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a Kudancin Kaduna. Bara 'yan bindiga suka sace maigidana a hanyar gona, ya yi kwanaki a hannunsu kafin dangi su haɗa kuɗi a sako shi. Tun daga lokacin ba na samun barci, ko ƙarar babur na ji da dare sai gabana ya faɗi. Ga damina ta kama, yana so ya koma gonar nan ta nesa, ni kuwa na ƙi. Wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ta ce mini mai bangaskiya ba ya jin tsoro. Shin zunubi nake yi? Kuma dole ne ya koma gonar domin mu nuna mun dogara ga Allah?

Amsa: 'Yata, sannu da wannan jarrabawa, muna kuma gode wa Allah da ya komo miki da maigidanki da rai. Faɗuwar gaban da kike ji ba zunubi ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ba wanda zai ce da shi marar bangaskiya saboda haka. Ina zaton 'yar'uwar nan ta yi nufin ƙarfafa ki ne, sai dai maganarta ta wuce abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar. Dawuda ya rubuta Zabura 56 a kan lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat, kuma a aya ta 3 ya ce a ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Tsoron da dogarar suna cikin aya guda, a bakin mutum guda.

Ina so ki buɗe Littafin Mahukunta sura ta 6, domin labarin ya yi kama da naku ƙwarai. Shekara 7 Madayanawa suna jira Isra'ilawa su yi shuka, sa'an nan su afko wa ƙasar su lalata amfanin gona su kwashe dabbobi, har mutane suka koma ɓuya a kogwannin duwatsu. A cikin wannan hali mala'ikan Ubangiji ya tarar da Gidiyon yana sussukar alkama a wurin matse inabi, don kada maharan su gan shi, amma duk da haka ya kira shi jarumi. Da Allah ya umarce shi ya rushe bagaden Ba'al na mahaifinsa, aya ta 27 ta faɗa a fili cewa da dare ya yi aikin, tare da barorinsa 10, domin yana tsoron mutanen gidansu da na garin. Allah bai tsawata masa a kan haka ba. Daga baya Allah ya aike shi yaƙi da Madayanawa, kuma ko a daren yaƙin, bayan rundunarsa ta ragu daga mutum 32,000 zuwa 300, Ubangiji ya ce masa idan yana jin tsoro ya sauka sansanin abokan gaba tare da baransa, ya ji abin da suke faɗi. Gidiyon kuwa ya tafi da baran, wato ya amsa cewa tsoron yana nan. Wannan mutumin ne Ibraniyawa 11:32 ta lissafa cikin mutanen bangaskiya. Abin da aka duba a wurinsa shi ne ya aikata abin da Allah ya ce, ko da yake gwiwoyinsa suna rawa.

To, sai mu tambaya: mene ne Allah ya umarce ku da shi? Ya umarci maigidanki ya ciyar da iyalinsa, amma bai ɗaure shi da wata gona guda ba. Shiga haɗari da gangan don a nuna wa jama'a bangaskiya shi ne abin da Shaiɗan ya nemi Yesu ya yi a kan ƙololuwar Haikali, har ya ja masa aya daga Zabura 91, Yesu kuwa ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Nehemiya, da ya ji ana shirin kai wa masu ginin garun Urushalima hari, ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Bulus da kansa a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu da dare. Saboda haka idan kun nemi aron gona kusa da gari a bana, ko maza suka shirya fita rukuni-rukuni su dawo kafin la'asar, ba ku saɓa wa Allah ba.

Ba zan yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku, alhali dukansu manzanni ne masu aminci. Abin da Ishaya 41:10 ta tabbatar mana shi ne Allah yana tare da mu, zai ƙarfafa mu, zai kuma riƙe mu. Masu wa'azin da ke cewa mai bi ba zai taɓa faɗawa hannun mugaye ba, su ne ke sa mutane irin maigidanki su riƙa zargin kansu a banza.

Inda tsoro yake zama tarko shi ne sa'ad da ya fara ba ki umarni. Idan ya ce ki je wurin boka neman laya, ko ki tsani wata ƙabila gaba ɗaya saboda laifin wasu, ko ki zuga 'ya'yanki su rama, ko ki daina zuwa sujada da addu'a, a nan ne ake bukatar ki ƙi shi ki bi maganar Allah, kuma wannan biyayyar ta fi komawa gona wuya.

Game da rashin barci, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda abin ya faro, maigidanki ma ya je, domin maza sukan ɓoye abin da suka gani a daji. Batun gonar kuma kada ya zama gardama tsakaninku. Ku zauna da fastonku da dattijo ɗaya ko biyu waɗanda suka san yadda hanyar take a yanzu, ku yi addu'a tare, sa'an nan ku yanke shawara tun shuka ba ta wuce ku ba.